Gwaggo Mai Duba Bayan Marasa Lafiya

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa Gwaggona ta koma ranar Talata da hantsi, a ɗakinta na Karu, kanta a kan cinyata. Ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina 'yar firamare, ita kuma ta koya min aikin jinya a wata jami'a mai zaman kanta a nan Abuja, inda ta yi shekaru tana koyarwa har aka ga dama aka watsar da ita. Sunan jami'ar ba zai fito daga bakina ba. Ba kara nake yi musu ba wallahi, bakin nawa nake tausayi.

Kafin a fita da ita tsakar gidan ya cika da fararen kaya. Nas-nas ne, ɗalibanta na da, wasu daga bakin aiki suka taho ko takalmi ba su sauya ba. Akwai wata 'yar manoman Kurudu, Kirista, wadda yanzu ita ce babbar nas a wani ƙaramin asibiti can wajensu. Tun daga ƙofar gida ta zube tana kururuwa da irin Hausarsu da ba ta raba mace da namiji: "Mama ya tafi! Wayyo, Mama ya tafi! Wa zai zo ya zage ni yanzu?" Mata suka rirriƙe ta, ana ce mata addu'a ake yi ba ihu ba. Ni ban hana ta ba, don abin da ke raina ne ta faɗa.

Tsohuwar da muke katanga ɗaya, wadda suka shekara da shekaru suna faɗa da Gwaggo a kan ruwan kwata, ta zauna tana jan carbi, can ta ce, "Allah Ya jiƙan masifaffiya. Yanzu sai kowa ya zubar da shararsa inda ya ga dama." Sai hawaye. Wani Bakatsine mai shagon atamfa ya aiko da tabarmi, ya ce a faɗa mana wata huɗu Gwaggo tana zuwa wanke wa mahaifiyarsa ciwon ƙafa, ko ruwan gidansa ba ta taɓa sha ba.

Ranar sadakar uku shi kuma ya zo. Shugaban sashen jinya nake nufi, mutumin da ya kore ta. Motarsa ta toshe mana lungu, ya zauna cikin maza yana goge ido da farin hankici. Ya ce wa Babana idan akwai wani abu da ya taɓa shiga tsakaninsa da marigayiya, a yafe masa. Babana mutum ne mai sanyin hali, nan take ya ce, "Haba Yallaɓai, ai an yafe." Ina jin su ta taga.

Bai tafi ba sai da ya sa aka kira ni zaure. Ya ce masu duba ingancin sashe za su zo nan da wata guda, kuma babbar tambayarsu ita ce yaya ake bin sawun ɗalibai bayan sun gama, ta ina aka san sun iya abin da aka koya musu. Ya ce ya san Hajiya ta bar littattafai a kan haka. "Ki ara mana, 'yata. Mu zaɓi wasu shafuka mu sa a rahoto, mu kuma rubuta sunanta a ƙofar ɗakin gwaji. Ai ta cancanta."

Na ce, "Za a duba, Yallaɓai." Wato wanda ya tozarta ta da ranta, yanzu yana so ya yi ado da sunanta. Shi ya sa na zauna rubutun nan. Kafin su ƙera tasu Gwaggon mai murmushi a jikin allo, gara a san tawa.

Ga yadda littattafan suka samu. Duk Asabar Gwaggo takan ɗaura wani koɗaɗɗen zani, ta sa silifas, ta zuba kunu a fulas, ta nufi tashar Nyanya. Duk asibitin da ta ji akwai ɗalibarta, can za ta. Ba ta zuwa ofis, ba ta cewa ga ni. Benci take zama cikin masu jinya kamar wata 'yar dubiya, ta raba musu kunu, ta yi ta sauraron hira. A nan za ta ji wace nas ce ke amsa sallama, wace ce ke tsawa, wace ce sai an kira ta sau biyar. In ta gama ji, sai ta nemi gadon wanda ya fi kowa tsufa, wanda ba ya iya juyawa da kansa. Ta gaishe shi, ta nemi izini, ta zura hannu ƙarƙashin bayansa. Ta ɗaga dunduniyarsa ta duba, ta shafa zanin gado ta ji ko a jiƙe yake, ta leƙa bakinsa. Mara lafiyar da aka bari kwance a gefe ɗaya ba a juya shi, fatarsa takan yi ja, ta buɗe, ta zama gyambo. Shi take nema.

In ta sami baya lafiya ƙalau, sai ta je ta dafa nas ɗin ta ce, "Kin ci." In ta sami ja, to ranar kowa a ɗakin zai san malamarta ta zo. Na taɓa ce mata, "Gwaggo, mutane sun gama makaranta, sun karɓi takardarsu, ki ƙyale su mana." Ta harare ni ta saman tabarau ta ce, "Takardar ce za ta juya tsohuwa? Ni na sa hannu na ce sun iya. In ƙarya na yi, ina so in sani tun ina da rai." A motar dawowa take rubutawa, littafi a kan gwiwa, rubutun duk a karkace saboda ramukan hanya.

Ni ma ba ta raga min ba. A shekarata ta ƙarshe akwai littafin sa hannu da kowane ɗalibi ke riƙewa, duk aikin da ka yi da hannunka malami ya gani, sai ya sa hannu. Saura min abu ɗaya, robar da ake zura wa mara lafiya ta hanci don a ba shi abinci, wadda in aka kuskure takan faɗa huhu. Na ga ana yi sau da yawa, ban dai taɓa yi ba. Na kai mata littafin tana tankaɗe, na ce ai a gida muke. Ko kallon littafin ba ta yi ba. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abincinta, har na kai ƙara wurin Babana. Ya zo takanas ya ce, "Haba ke kuwa, 'yar cikinki ce fa." Ta ce, "To Yaya, miƙo hancinka ta gwada. In ta iya, yanzun nan in sa hannu." Babana ya dafe hancinsa ya ce shi sallar la'asar zai tafi. Sai da na maimaita zango guda. Wata biyu ba na ce mata komai sai gaisuwa, ita kuwa ko a jikinta, kullum sai ta ajiye min tuwona a rufe.

Ita waccan 'yar Kurudun, a gidanmu ta gama karatu. Turanci ne ya yi mata nauyi, ta faɗi jarrabawar rubutu sau biyu. Al'adar sashen a lokacin shugaban nan ita ce, duk wanda ake tsoron zai faɗi jarrabawar lasisi, sai a san yadda aka yi aka sallame shi tun kafin ranar, don sakamako ya fito fes a liƙa a ƙofa. Sunanta yana cikin waɗanda za a sallama. Gwaggo ta ce ba ta yarda ba, ta ga hannun yarinyar nan a kan mara lafiya, irin hannun da ba a koyarwa ne. Ta ɗauko ta da ɗan akwatinta ta ajiye a ɗakina. Kullum bayan asuba, mu muna lazimi, ita tana jira da littafi, sai Gwaggo ta shafa addu'a ta juyo ta ce, "To arniyar Turanci, kawo." Yarinyar ta yi dariya ta ce, "Mama, ni da coci, kai ne kake ce mini arniya?" Haka suka yi ta yi har ta ci. Ubanta ya zo godiya da doya cike da bayan babur, Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta ce ya mai da sauran.

Yanzu bari in zo kan abin da ya hana ni barci. Shugaban nan yana da nasa ma'aunin. Wani fom ne da ake tura wa tsofaffin ɗalibai ta waya: ka ci jarrabawa, ka sami aiki, a wace ƙasa. Duk wanda ya tsallaka ƙasar waje, sai a buga hotonsa a ƙaton ƙyalle a rataya a bakin get, iyaye masu kawo 'ya'ya su gani. A wani taron malamai da ake ta tafi a kan fom ɗin, Gwaggo ta miƙe da littafinta. Ta ce samun aiki daban, iya aiki daban. Ta ce akwai waɗanda ta ƙi sa wa hannu, aka zagaya ta baya shugaba ya sa musu da kansa, kuma ta bi su ta ga abin da suke yi wa bayin Allah. Ta fara karantawa. Bai bari ta kai ƙarshen shafi ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ba bincike ba ne, gulmar benci ce. Mu nan jami'a ce, ba gidan suna ba." Aka kwashe da dariya, har da waɗanda ita ta koya wa riƙon allura. Ɗaya daga cikinsu ce ta ba ni labarin daga baya, tana sunkuyar da kai. Ranar Gwaggo ta dawo ta kwanta da takalminta.

Ba a yi wata ba aka ɗauke ta daga aji aka mai da ta sito, tana ƙirga zannuwan gado da 'yan tsanan da ake koyon aiki a kansu. Matar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu! Haka ta riƙe siton, har ta wanke 'yan tsanan ta ɗinke masu yagewa. Da shekara ta zagayo aka miƙo mata wasiƙa ta hannun masinja, wai an gode, ba a buƙatar ta kuma.

Duk wannan da sauƙi a kan ranar rantsuwa. Aji na ƙarshe da ta koyar za su yi rantsuwar kama aiki, suka yi ta kiranta a waya, Mama sai kin zo. Ta goge farar rigarta da kanta, ta hana ni taɓawa. Muka sha cunkoson Nyanya, tana ta ɗaga rigar kada ta yi datti. Muna isa get mai gadi ya tare mu. Dattijo ne, Gwaggo ta sha duba masa hawan jini a ɗakinsa na gadi. Ya kasa haɗa ido da ita, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri don Allah. Oga ya ce sai mai kati." Muna tsaye motar shugaban ta zo. Ya gan ta, wallahi ya gan ta, idonsa cikin nata. Gilashin ma bai sauke ba. Na ce mu tafi, ta ce a'a. Ta tsaya cikin rana ƙarƙashin ƙyallen hotunan nan har muka jiyo ɗaliban suna karanta rantsuwa ta lasifika, leɓɓanta suna bin su kalma bayan kalma. Da suka gama ta ce, "To, mu je." A mota ina ta kuka kamar ni aka kora. Ita abin da kawai ta ce shi ne, "Asabar akwai wata ɗalibata a Karshi, ban taɓa zuwa ba."

Ta kuwa ci gaba da zuwa, ba albashi, ba sashe, har ranar da ɓarin jikinta ya shanye. Wata bakwai tana kwance. A nan na ga abin da ta shuka. Ɗalibanta suka raba kwanaki a tsakaninsu ba wanda ya roƙe su, wannan ta zo daga Kubwa, waccan daga Mararaba, ana juya ta a kan lokaci, ana shafa mata mai. Bakinta ya karkace amma bai mutu ba, in aka ja ta da gaggawa sai ka ji ta ce, "Wa ya koya miki?" Matar da ta yi mata wanka ta fito tana mamaki, ta ce ba ta taɓa wanke wanda ya daɗe haka a kwance ba ta same shi babu ko ɗigon tabo a baya. Shi kuwa mai farin hankici, wata bakwai ɗin nan ko saƙon waya bai aiko ba.

Bayan sadakar bakwai na buɗe akwatinta. Littattafai ne na 'yan makaranta, an ɗaure su da tsumma. Na zauna da safe bayan kowa ya fita na fara bi. Komai yana ciki: wadda ta ci, wadda ta gyaru bayan faɗa, wadda ta koma sau uku ba ta sauya ba. A gefen wasu sunayen ta rubuta, "Ban sa mata hannu ba, shugaba ne ya sa." Wasunsu fuskokinsu suna jikin ƙyallen get har yau. Ina karantawa ina jin wani daɗi mai zafi yana hawa min ƙirji, na ce, Allah Ya kama ka. Na kira 'yar Kurudu. Ta ce masu duba inganci sukan zauna da tsofaffin ɗalibai, kuma an gayyace ta, don yanzu da ita ake alfahari. Ta ce, "Ke ma tsohon ɗalibi ne. Ka zo mu je, ka kawo duka."

Babana ya ji labari ya ce, "Ke, an riga an yafe." Na ce, "Kai ka yafe, Baba. Kai ba ka tsaya a get ɗin nan ba."

A littafi na kusa da ƙarshe na ci karo da kaina. Ban taɓa sanin ta zo asibitin da nake aiki a Nyanya ba. Ta rubuta: "'Yar gidana. Tana tebur tana cike takardun fita waje a waya. Tsohon gadon ƙarshe, dunduniya ta yi ja, zani a jiƙe tun safe in ji 'yarsa. Ta san aikin, ta daina yi. Na juya shi da kaina na fito. Ban iya yi mata magana ba." Shi ke nan, ba ta ƙara ko kalma ba.

Na tuna tsohon. Na tuna lokacin, watannin da idona ya rufe da son tafiya, tafiyar da ba ta ma yiwu ba. An sallame shi da gyambo a ƙafa, na rubuta a fayil cewa da shi ya zo. Matar da ke tsayar da ɗakin marasa lafiya da faɗa, ta dawo gida ranar ta zuba min tuwo ba ta ce uffan ba, ta kuma tafi kabari ba ta ce ba. Na gwammace ta mare ni a gaban kowa.

Yanzu ni ce mai kula da wannan ɗakin. Masu duba ingancin nan manyan nas-nas ne, maganar da ta shiga kunnensu za ta iya isa wurin aikina. Na ɗauko reza a kan taga. Shafi ɗaya ne, in na yanke shi ta jikin ɗinki a hankali ba wanda zai gane. Na daɗe zaune da rezar a hannu har aka kira azahar. Sai na tashi na yi alwala, na mai da ita inda na ɗauko.

Ranar zaman, shugaban ya hango ni da ɗaurin littattafai ya washe baki, ya ce wa baƙin, "Ga 'yar marigayiyar da nake ba ku labari, uwar sashen nan." Ya miƙo hannu zai karɓa. Na wuce shi na ajiye a gaban shugabar baƙin, wata dattijuwa mai furfura. Na ce ina neman izinin karanta shafi biyu. Ta ce bismillah.

Nawa na fara karantawa. Na karanta shi har ƙarshe, ban tsallake ko kalma ba. Dattijuwar ta ce, "Wace ce wannan nas ɗin?"

Na ce, "Ni ce, ranki ya daɗe. Ita ta raine ni. Na fara da shi ne don kada wani ya ce muku gulma ce ko son kai. Wadda ba ta rufa wa 'yarta ba, ba za ta yi wa wani ƙage ba."

Dattijuwar ta dube ni ta ce, "Ci gaba."

Sai na buɗe na shugaban sashen. Na karanta a tsanake, suna bayan suna na waɗanda ya sa wa hannu, da abin da aka gani a bayan marasa lafiyarsu. Ya ce a dakata, wannan ba ya cikin tsarin zama. Dattijuwar ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, zauna." Ya zauna. Suka karɓi littattafan duka, suka ba ni takardar shaida. Abin da za su yanke a kansa ban sani ba, abin da zai biyo ni ma ban sani ba, kuma na shirya masa.

Gwaggo, Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sanyaya shi, Ya karɓe ki da hannun da ya fi naki tausayi. Ki yafe min tsohon gadon ƙarshe, ni ban yafe wa kaina ba tukuna. Shi kuwa Yallaɓai, ba na roƙa masa mutuwa. Allah Ya ba shi tsawon rai, Ya tsufar da shi sosai har ya kasa juyawa da kansa, sannan Ya kwantar da shi a hannun waɗanda ya sa wa hannu.